Majalisar bogi ta Kansas: yadda zaɓe ɗaya ya haifi gwamnati biyu

A ranar 30 ga Maris 1855 aka yi zaɓen majalisar dokoki ta farko a yankin Kansas, can tsakiyar Amurka. Ƙidayar da gwamnan yankin ya sa aka yi 'yan makonni kafin ranar ta nuna mutum 2,905 ne suka cancanci jefa ƙuri'a. Da aka tattara sakamako, sai ga ƙuri'u sama da 6,300. Majalisar da wannan aringizo ya haifa ita ce abokan hamayyarta suka laƙaba wa suna majalisar bogi, sunan kuwa ya bi ta har yau. Zamanta na farko bai wuce wata biyu ba, amma abin da ta ƙulla a cikinsa sai da aka yi shekara huɗu ana kwancewa, an kuma zubar da jini a hanya.

Kafin a shiga labarin, ya kamata a san matsayin Kansas a lokacin. Ba jiha ba ce. A tsarin Amurka, duk sabuwar ƙasar da Turawa suka fara kwarara cikinta a yamma takan zauna tukuna a hannun gwamnatin tarayya a matsayin yanki, har sai jama'arta sun yi yawa, sun rubuta kundin tsarin mulki, majalisar ƙasa da ke Washington ta amince, sannan ta zama jiha. A wannan zaman jira, shugaban ƙasa ne ke naɗa gwamna da sakatare da alƙalai uku. Abin da aka bar wa mazauna yankin su zaɓa shi ne majalisar dokoki, sai kuma wakili guda da zai je Washington ya yi magana amma ba shi da ƙuri'a. Dokar da ta kafa Kansas da maƙwabciyarta Nebraska, wadda shugaba Franklin Pierce ya sa wa hannu a ranar 30 ga Mayu 1854, ta tsara majalisa mai zaure biyu: na sama mai kujera 13, na ƙasa mai kujera 26. Kowane ɗan majalisa dala 3 a rana, da wata dala 3 a kan kowane mil 20 na tafiya. Zaman farko kada ya wuce kwana 60, na baya kwana 40. Gwamna na iya hawa kujerar na-ƙi, amma kashi biyu cikin uku na kowane zaure sun isa su tsallake shi.

Ƙasar kuma ba kango ba ce. Akwai mutanen Kansa da Osage da suka gaji wurin, akwai Shawnee da Delaware da Kickapoo da gwamnati ta koro daga gabas a shekarun baya da alkawarin nan ne gidansu na har abada. A 1854 aka sa yawancinsu suka sa hannu a yarjejeniyoyin da suka raba su da mafi yawan filayensu. Duk rigimar da za ta biyo baya a kan ƙasar waɗannan mutane aka yi ta.

Irin wannan majalisa ta yanki an yi ta a wurare da dama ba tare da duniya ta ji labari ba, domin aikinta shata hanyoyi ne da raba gundumomi. Abin da ya bambanta ta Kansas shi ne kayan da aka ɗora mata. Tun 1820 akwai sulhun da ya haramta bauta a wannan sashe na ƙasar. Sanata Stephen Douglas na Illinois, wanda ya jagoranci dokar 1854, ya sa aka soke wannan haramci, aka ce mazauna yankin su yanke wa kansu ko za a riƙe bayi ko ba za a riƙe ba. A baki magana ce mai daɗi. A aikace kuwa, majalisar ƙasa ta sauke rigimar da ta gagare ta ne a kan mutum 39 da za a zaɓa a bakin daji. Kuma dokar ta ce mai zaɓe shi ne farar fata namiji ɗan shekara 21 da ke zaune a yankin, ba ta faɗi tsawon lokacin da zai yi kafin a kira shi mazauni ba. Ta wannan kafa ɓarna ta shigo.

Gabas da Kansas jihar Missouri ce, jihar masu bayi, kuma a gundumominta na yamma da ke manne da iyaka bayin suka fi yawa. Masu gonakin nan sun ga cewa idan Kansas ta zama ƙasar 'yanci, bawa dare ɗaya zai yi ya tsallaka. Ga kuma labarin da ke zuwa daga Massachusetts cewa wani Eli Thayer ya kafa kamfani na taimaka wa 'yan arewa su ƙaura zuwa Kansas. Mutanen kamfanin ne suka kafa garin Lawrence a 1854. Ba su kai yawan da ake zuzutawa ba, amma a Missouri labari ya zama cewa an yi hayar dubban mutane su zo su sace zaɓe. Jagoran masu wannan ra'ayi shi ne David Atchison, wanda ya daɗe yana wakiltar Missouri a majalisar dattawa har ya riƙe shugabancinta na wucin gadi. Hujjarsu mai sauƙi ce: idan ɗan Boston zai iya zuwa jiya ya yi zaɓe yau, to ɗan maƙwabta ya fi shi cancanta. Wasu sun shiga sun kafa turaku a fili sun ce nasu ne, suka koma gida. Wasu ko wannan ba su yi ba. An fara gwaji a zaɓen wakili na ranar 29 ga Nuwamba 1854, inda John Whitfield ya ci da taimakon ƙuri'un tsallake, ba abin da ya biyo baya. Da zaɓen majalisa ya zo sai aka yi shi da babban shiri.

Ranar zaɓe

Sun shigo ƙungiya-ƙungiya a kan dawakai da kekunan doki, da tantuna da guzuri da barasa da bindigogi, an raba su mazaɓa-mazaɓa yadda kowace kujera za ta samu rabonta. A Lawrence kimanin mutum 1,000 suka kwana a gefen gari, da igwa biyu. Ƙidaya ta ce mazaɓar na da masu zaɓe 369, aka jefa ƙuri'a 1,034. A mazaɓa ta biyu, a ƙauyen Bloomington, jami'an zaɓe sun tsaya a kan cewa sai kowa ya rantse shi mazauni ne. Sai wani Samuel Jones, shugaban gidan waya na garin Westport a Missouri, ya shiga ɗakin da mutanensa, ya zaro agogo, ya ba su minti biyar su ajiye aiki ko su mutu. A riƙe sunan nan, za mu sake haɗuwa da shi.

Kwamitin bincike da majalisar wakilan tarayya ta tura a shekara mai zuwa, ƙarƙashin William Howard na Michigan tare da John Sherman na Ohio da Mordecai Oliver na Missouri, ya saurari shaidu da yawa, masu rinjayensa kuma suka ce ƙuri'a 4,908 na jabu ne. Oliver ya ƙi sa hannu, ya rubuta nasa rahoton daban.

Abin da ya fi ba ni mamaki a lamarin shi ne, da wuya a ce ana ma buƙatar maguɗin. Ƙidayar 1855 ta nuna mafi yawan masu zaɓen halal daga Missouri da sauran jihohin kudu suka fito. Da an bar zaɓen ya tafi yadda yake, akwai kyakkyawan zato cewa masu goyon bayan bauta za su samu rinjaye, kuma ba wanda zai sami bakin magana. Sun zaɓi su cinye kusan duka kujeru 39 da ƙarfin tsiya, suka miƙa wa abokan gaba makamin da ba su da shi a da: hujjar cewa gwamnatin yankin haramtacciya ce tun daga tushe.

Gwamna a lokacin shi ne Andrew Reeder, lauya daga Pennsylvania, ɗan jam'iyyar Dimokurat, wanda bai zo da wata ƙiyayya ga bauta ba. Ikon tabbatar da sakamako a hannunsa yake. Ya ba da 'yan kwanaki kaɗan a shigar da ƙorafi, mazaɓu shida kawai suka samu suka shigar, su kaɗai ya soke. Sauran ya ba su takardar shaidar cin zaɓe. Nan ne babban kuskurensa, domin da hannunsa ya halatta masu rinjayen da za su kore shi. An sake zaɓe a mazaɓun shida ranar 22 ga Mayu, masu adawa da bauta suka lashe yawancin kujerun.

Kwana biyar a Pawnee

Reeder ya kira majalisa ta zauna ranar 2 ga Yuli a Pawnee, kusa da barikin soja na Fort Riley, fiye da mil 100 daga iyakar Missouri. Ana iya cewa yana son nisanta ta daga 'yan daban kan iyaka. Amma kuma yana da hannun jari a filayen garin, kuma duk inda majalisa ta zauna farashin fili tashi yake. Dalilan biyu duka gaskiya ne, kuma na biyun ya rage masa ƙima a idon kowa. Pawnee gari ne a takarda. 'Yan majalisa suka iso suka tarar da ginin dutse mai hawa biyu da magina ba su gama ba, zauren ƙasa a ƙasa, na sama a bene. Da yawansu a tanti da cikin kekunan doki suka kwana, suna dafa abincinsu da kansu, ga kuma kwalara ta ɓulla a yankin.

Abu biyu suka yi. Na farko, suka ce majalisa ita ce alƙalin sahihancin 'ya'yanta, saboda haka zaɓen Mayu bai ɗaure ta ba. Suka kori waɗanda suka ci a Mayu, suka zaunar da 'yan takarar Maris, a ranar 4 ga Yuli, ranar bikin 'yancin Amurka. Masu adawa da bauta biyu da suka tsira tun zaɓen Maris ma ba su daɗe ba: Martin Conway ya ajiye kujerarsa ta zauren sama, Samuel Houston na zauren ƙasa ya bi bayansa kafin watan ya ƙare. Majalisa ta zama baki ɗaya, ba mai cewa a'a. Na biyu, suka zartar da dokar komawa Shawnee Mission. Reeder ya hau kujerar na-ƙi, suka tsallake shi, ranar 6 ga Yuli suka naɗe tantuna suka nufi gabas. Bayan 'yan watanni ministan yaƙi Jefferson Davis ya ce Pawnee na cikin filin bariki, sojoji suka tashi garin. Ginin dutsen ya tsira, yana nan a cikin Fort Riley.

Shawnee Mission makarantar mishan ce ta cocin Methodist da aka gina don koya wa 'ya'yan asalin ƙasar karatu da sana'a, kimanin mil ɗaya daga iyakar Missouri. Mai kula da ita, fasto Thomas Johnson, yana da bayi, kuma shi ne shugaban zauren sama. Kakakin zauren ƙasa shi ne Dakta John Stringfellow, mai jarida a garin Atchison wadda ba ta ɓoye zafinta a kan bauta. A nan suka koma zama ranar 16 ga Yuli. Reeder ya ce tunda sun bar wurin da doka ta sani, duk abin da suka zartar banza ne, ya riƙa mayar musu da ƙudurori ba sa hannu. Suka nemi ra'ayin kotun yankin, biyu daga alƙalai uku suka ba su gaskiya. Suka rubuta wa shugaban ƙasa ya cire shi. Pierce ya cire shi a watan Agusta, dalilin da aka bayar kuwa shi ne cinikin filayen 'yan asalin ƙasa, ba a ko ambaci zaɓe ba. Sakataren yanki Daniel Woodson, wanda nasu ne, ya riƙe kujerar ya dinga sa hannu.

Kundin dokokin da suka fitar kafin su tashi ranar 30 ga Agusta ya haura shafi 1,000. Ba wanda ke rubuta irin wannan a mako shida. Dokokin Missouri suka kwafo kusan ɗungurungum, har sai da suka yi wata ƙaramar doka cewa duk inda aka ga kalmar jiha a karanta yanki. Wannan shi kaɗai ba laifi ba ne, sababbin yankuna da yawa sun aro dokokin maƙwabta, don ba a iya barin jama'a ba dokar gado da ta bashi da ta aure. Sun kuma yi aikin yau da kullum na irin wannan majalisa: sun ba mutane izinin fito a koguna tare da ƙayyade kuɗin fito, sun shata hanyoyi, sun yi wa garuruwa da kamfanoni rajista, sun tsara makarantu na 'ya'yan farar fata, sun kafa rundunar sa-kai, sun zaɓi Lecompton ta zama hedikwata. Sun raba gabashin yankin gundumomi sama da 30, suka raɗa musu sunayen kansu da na gwanayensu: Johnson, Atchison, Douglas, Davis, Calhoun.

Dokar da ta yi suna ita ce ta hukunta laifuka a kan dukiyar bayi. Wanda ya tayar da tawayen bayi, kisa. Wanda ya yaudari bawa ya gudu daga ubangidansa, kisa ko ɗaurin shekara 10 da aiki mai tsanani. Wanda ya buga ko ya yaɗa rubutun da zai iya tunzura bayi, aƙalla shekara 5. Sashe na 12 shi ne ya wuce gona da iri: duk ɗan adam mai 'yanci da ya faɗa da baki ko ya rubuta cewa mutane ba su da haƙƙin riƙe bayi a yankin, aƙalla shekara 2. Sashe na gaba ya ce wanda zuciyarsa ba ta yarda da bauta ba, ba zai zauna cikin masu taya alƙali yanke hukunci a irin waɗannan shari'o'i ba. Duk wannan a yankin da ƙidaya ta samu bayi 192 cikin mutum kimanin 8,600. Kuma a tuna, ƙa'idar da aka kafa yankin a kanta ita ce jama'a su yi muhawara su zaɓa. Majalisa ta mayar da ɓangare ɗaya na muhawarar laifin ɗauri. Ranar 15 ga Satumba da dokar ta fara aiki, John Speer, mai jaridar Kansas Tribune a Lawrence, ya buga da manyan haruffa ainihin maganar da aka haramta, yana ƙalubalantar a zo a kama shi.

Sai dai a ganina ba wannan doka ce ta fi yin tasiri a ƙasa ba. Ita ta fi amfani ga jaridun arewa, waɗanda suka riƙa buga ta suna nuna wa masu karatu. Abin da ya taɓa rayuwar mutane shi ne dokokin da ba su da armashi a kanun labarai, wato na zaɓe da na naɗe-naɗe. Mai zaɓe zai biya harajin dala 1, ba a sa masa wa'adin zama ba, ke nan ƙofar Missouri ta ci gaba da zama a buɗe. Idan wani ya ƙalubalance shi a rumfar zaɓe, sai ya rantse zai goyi bayan dokar tarayya ta kamo bayin da suka gudu, rantsuwar da aka san mai adawa da bauta na gaske ba zai iya yi ba. Jami'an gwamnati da lauyoyi su ma sai sun yi irin wannan rantsuwa. Sannan maimakon a bar gundumomi su zaɓi shugabanninsu, majalisa da kanta ta naɗa alƙalan gado da kwamishinoni da shugabannin 'yan sandan gunduma, su riƙe har zuwa 1857. Wanda aka naɗa shugaban 'yan sandan gundumar Douglas, gundumar da Lawrence ke ciki, shi ne Samuel Jones, mai agogon Bloomington. An ba kura ajiyar nama.

Daga nan manomin da bai damu da siyasa ba ma ya shiga tsaka mai wuya. Rigimar da ta fi yawa a Kansas ta iyakar gona ce, don ba a gama auna filaye ba, kowa da turakunsa. Idan maƙwabci ya shigar maka gona, kotun da za ka je da jami'in da zai zartar da hukunci duk naɗin majalisar bogi ne. Ka kai ƙara, ka amince da ita. Ka ƙi, ba ka da kariya sai bindigarka.

Gwamnati biyu

Masu adawa da bauta suka zaɓi ƙauracewa. Suka taru a Big Springs ranar 5 ga Satumba 1855 suka ce ba su san wannan majalisa ba, ba za su bi dokokinta ba. Reeder da aka kora ya koma cikinsu. A Oktoba da Nuwamba suka rubuta nasu kundin tsarin mulki a Topeka wanda ya haramta bauta, a Janairu 1856 suka zaɓi Charles Robinson gwamna tare da tasu majalisa. Kada a ɗauka duka waliyyai ne. A ƙuri'ar da suka amince da kundin, da babban rinjaye suka kuma amince a hana baƙar fata masu 'yanci zama a Kansas. Da yawansu ba tausayin bawa ne ya dame su ba, ba sa son gogayya da gonakin masu bayi, ba sa kuma son baƙar fata kusa da su ko wane iri ne.

Yanzu ga majalisa mai takardar doka amma ba ta da yardar jama'a, ga wata mai ƙaruwar jama'a amma ba ta da takarda. Pierce ya tsaya a bayan ta farko, ya kira ta Topeka tawaye. A ƙarshen Nuwamba 1855 aka kashe wani Charles Dow a rigimar fili, Jones ya kama abokin zaman mamacin, maƙwabta suka ƙwace shi a hanya, sai ga mutum sama da 1,000, yawancinsu daga Missouri, sun yi wa Lawrence ƙawanya da sunan taimaka wa jami'in doka. Wannan karon an sasanta. A Mayu 1856 kotun alƙali Samuel Lecompte ta tuhumi shugabannin Topeka da cin amanar ƙasa. Aka kama Robinson, Reeder ya sulale ya bar yankin cikin shigar mai saran itace. Ranar 21 ga Mayu Jones, wanda aka harba a Lawrence wata ɗaya kafin nan ya tsira, ya shiga garin da ɗaruruwan mutane, suka farfasa injinan jaridu biyu, suka ƙone babban otal ɗin garin. Washegari a Washington ɗan majalisa Preston Brooks ya lakaɗa wa sanata Charles Sumner, mai adawa da bauta, duka da sanda a cikin zauren majalisar dattawa saboda jawabinsa a kan Kansas. Kwana biyu bayan haka John Brown, wani mai zazzafar adawa da bauta, da mutanensa suka fitar da mutum biyar na ɓangaren masu goyon bayan bauta daga gidajensu da dare a bakin rafin Pottawatomie suka kashe su. Ranar 4 ga Yuli kanar Edwin Sumner ya zo Topeka da sojojin tarayya ya tarwatsa majalisar masu adawa kafin ta fara zama.

Majalisar wakilan tarayya ta amince a karɓi Kansas da kundin Topeka da ƙuri'a 99 a kan 97, majalisar dattawa ta ƙi. Batun ya zama babban jarin sabuwar jam'iyyar Rifablikan a zaɓen shugaban ƙasa na 1856, inda ta sha kaye a hannun James Buchanan amma ta ci jihohi 11.

Abin da ya karya majalisar bogi a ƙarshe ba bindiga ba ce. Jama'a ne suka ci gaba da kwarara daga Ohio da Indiana da Illinois har rinjaye ya juya, sai kuma aka samu gwamnan da ya yi abin da Reeder ya kasa. Robert Walker tsohon sanata ne daga Mississippi, mutumin kudu, Buchanan ya naɗa shi a 1857. Ya lallashi masu adawa su shiga zaɓen majalisa na ranar 5 ga Oktoba da alkawarin za a ƙirga ƙuri'a da gaskiya. Da sakamako ya zo, sai ga Oxford, wani ɗan ƙauye a gundumar Johnson mai gidaje da ba su kai 12 ba, ya kawo ƙuri'a 1,628 a doguwar takarda da aka liƙa aka naɗe. Daga baya aka gano sunayen daga littafin adireshin mazauna birnin Cincinnati aka kwafo su. Gundumar McGee, inda kusan ba Turawa, ta kawo sama da 1,200. Walker da sakatarensa Frederick Stanton suka je Oxford suka gani da idonsu, suka yi watsi da sakamakon wuraren biyu. Masu adawa da bauta suka karɓi zaurukan biyu.

Amma tsohuwar majalisa ta bar baya da ƙura. A zamanta na farkon 1857 a Lecompton ta tsallake na-ƙin gwamna John Geary ta kira taron rubuta kundin tsarin mulki, masu adawa suka ƙaurace wa zaɓen wakilansa. Kundin da ya fito ya kare bauta, kuma ba a ba jama'a damar ƙin sa gaba ɗaya ba. Zaɓi biyu aka ba su, kundi da bauta ko kundi ba bauta, na biyun ma ya bar bayin da ke yankin a hannun iyayengijinsu. Stanton, yana riƙon ƙwarya bayan Walker ya bar yankin, ya kira sabuwar majalisa zaman gaggawa a Disamba, ita kuma ta sa ƙuri'ar raba gardama ta gaskiya ranar 4 ga Janairu 1858, inda mutum 10,226 suka ƙi kundin, ƙasa da 200 suka so shi. Wannan kira ya ci kujerar Stanton. A makonnin da suka biyo baya aka tono wasu takardun sakamakon jabu a cikin akwatin kyandir da aka binne ƙarƙashin tarin itacen wuta a Lecompton. Duk da haka Buchanan ya dage sai an karɓi Kansas da kundin Lecompton, Douglas da kansa ya juya masa baya, jam'iyyar Dimokurat ta tsage. Da aka sake mayar da batun ga jama'a ranar 2 ga Agusta 1858, suka ƙi da ƙuri'a 11,300 a kan 1,788.

Sabuwar majalisa ta soke dokar bayi a farkon 1858. Doka ta tilasta mata buɗe zama a Lecompton, sai ta riƙa buɗewa ta ɗage zuwa Lawrence. Ita ma ba ta fita da hannu mai tsabta ba. A wannan shekarar ta zartar da dokar mayar da hedikwata Minneola, garin da babu shi sai a taswira, wanda 'yan majalisa da dama ke da kaso a filayensa, ta kuma tsallake na-ƙin gwamna James Denver. Sai da babban lauyan gwamnatin tarayya ya ce dokar ba ta da tushe sannan maganar ta mutu. Cutar fili da ta kama Reeder ba ta san jam'iyya ba. Denver ɗin nan shi aka raɗa wa birnin Denver na Colorado sunansa, don a lokacin iyakar Kansas ta kai har tsaunukan Rocky.

A 1859 majalisa ta soke kundin dokokin majalisar bogi na 1855 ta maye gurbinsa da sabo, daren da aka rufe zama kuma aka tara kwafe-kwafen tsohon aka cinna musu wuta a titin Lawrence. A shekarun nan aka sauya sunayen wasu gundumomi, Calhoun ta koma Jackson, Lykins ta koma Miami, amma Johnson da Atchison da Douglas suna nan da sunayensu. A Fabrairu 1860 majalisa ta haramta bauta kai tsaye bayan ta tsallake na-ƙin gwamna Samuel Medary, wani alƙalin yankin kuma ya ce ba ta da wannan iko, bisa hukuncin kotun ƙoli na 1857 a shari'ar Dred Scott, wanda ya ce ba a iya haramta bauta a yankunan tarayya. A lokacin maganar ta zama ta lauyoyi kawai, domin ƙidayar 1860 ta samu mutum sama da 107,000 a Kansas, bayi 2.

Kundin da ya yi nasara shi ne na huɗu, wanda aka rubuta a Wyandotte a Yuli 1859, jama'a suka amince da shi a Oktoba. Majalisar dattawa ta riƙe shi watanni da dama, har sai da sanatocin jihohin kudu da suka ɓalle suka fara ficewa daga zauren. Buchanan ya sa hannu ranar 29 ga Janairu 1861, Kansas ta zama jiha ta 34, Charles Robinson da aka tsare a 1856 bisa tuhumar cin amanar ƙasa ya zama gwamnanta na farko. Ba a cika wata uku ba yaƙin basasar Amurka ya ɓarke.